Gaisuwar da Ba a Amsa Ba

Shafi na 19

Masu cika min waya da cewa Afra'u ta cika taurin kai, na ji ku. Ku karanta na yau tukuna, in ya so ku dawo ku yi mata faɗan da hujja. Masu tambaya ko ni ce Afra'un kuma, Allah ya shirye ku.

*

Tun da aka sauko daga Juma'a Afra'u take kashe kwamfuta da gangan.

Ba taɓin hankali ba ne, aikin ne ya zo da haka. Ta tsuguna a gindin teburin da sabar gwaji take, wato kwamfutar da suke gwada aikinsu a kanta, ta bari sai da saƙonni suka fara tsere a allo, sannan ta kama fulogi ta fincike. Fankar cikin sabar ta yi ɗan gurnani ta yi shiru. Ta mayar da fulogin, ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta tsaya jiran injin ya farfaɗo.

"Wata rana injin nan zai rama, Anti Afra," in ji Jerome daga teburinsa. Lemo yake ferewa da 'yar wuƙarsa, irin wanda mamansa ke aiko masa daga gida. "Kullum kana kashe shi kana tashe shi. Ko akuya ba za a yi masa haka ba."

Hausar Jerome ta kasuwar Lafia ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Kowa "kai" ne a bakinsa, har matarsa. Afra'u ta daɗe da daina gyara masa.

"Gara ya mutu a nan ina kallo, da ya mutu a can ba kowa," ta ce.

Wanda ya shigo labarin nan yau, matso kusa in faɗa maka. Kamfanin nasu ɗan ƙarami ne, a saman wani shagon maganin feshi a titin Shendam, cikin garin Lafia. Manhajar da suke cin abinci da ita suna kiranta Ɗan Aike. Aikinta ta karɓi saƙo daga ƙungiyoyin manoma ta kai wayoyin mutanen Adogi da Arikya da sauran ƙauyuka, cewa motar taki ta iso, ko tsutsa ta shiga masara a yi feshi. To netwok ɗin can kun san halinsa, sai ya ga dama yake zuwa. Kafin ya zo dole saƙo ya samu inda zai kwanta, ko an ɗauke wuta kar ya ɓace. Wurin kwanciyar nan shi suke ce wa rumbu.

Rumbuna uku gare su: na Jerome, na Afra'u, sai tsohon, na Abdulbaƙi. Da can kowa shi ke rubuta wa rumbunsa gwaji, shi ke dubawa, shi ke ba kansa maki. Ɗan kowa shi ne na ɗaya a aji. Sai da daminar bara aka ɗauke wuta ana tsaka da aika gargaɗin tsutsa, allo ya ce an ajiye, mutanen Arikya kuwa ba su ga saƙo ba, sai ganyen masararsu da ya koma rariya. Ranar Injiniya Baffa, mai kamfanin, ya tara su ransa a ɓace.

"Na gaji da jarrabawar da uwa ke yi wa ɗanta," ya ce. "Gwaji ɗaya nake so, tambayoyi iri ɗaya ga kowa. Rumbun da ya faɗi a gyara shi, in bai gyaru ba a fitar. Afra'u, ke za ki rubuta."

Ita ta rubuta kuwa. Kuma da hannunta ta rubuta tambayar da ta san rumbun Abdulbaƙi ba zai taɓa ci ba.

Gwajin wa'adi ke nan. Idan an yi ta aika saƙo wayar mutum ba ta nuna ta karɓa ba, to bayan wani lokaci dole rumbu ya haƙura ya kawar da saƙon gefe, in ba haka ba diski ya cika. Na Jerome yana haƙura. Nata yana haƙura. Na Abdulbaƙi bai san wannan kalmar ba. Ta bi kod ɗinsa, wato rubutun da ya gina rumbun da shi, layi-layi, babu inda ya yi wa saƙo wa'adi. Sai dai ya sake aikawa, ya jira, ya sake aikawa.

Ta tuna ranar da Baffa ya yi masa magana a kai, tun kamfanin yana ɗaki ɗaya a Azuba, kusa da gidan su Afra'u. Abdulbaƙi ya ture hularsa baya ya ce, "Yallaɓai, saƙon da ba a amsa ba ai bai isa ba. Ta yaya zan zubar da abin da bai isa ba?"

Ranar ta fara son sa, in dai gaskiya za a faɗa.

Sabar ta gama tashi. Ta jawo kujera ta zauna, amma ba allon take kallo ba. Agogon bango ta sata ta duba, ta saci kallon Jerome. Yana can yana tsotsar lemo, ko a jikinsa.

Yau ma ba zai faɗa ba ke nan.

Shekara biyu ke nan da Abdulbaƙi ya tafi Legas. A makon da kawunnansa za su kai gaisuwa gidan su Afra'u, wato zuwan manya na neman aure, a makon nan ne aiki ya fito masa a can, ya ce a ɗaga. Babanta ya riga ya sanar da 'yan uwa. Mamanta ta riga ta jiƙa gero. Kunyar da Afra'u ta sha a gidan nan Allah kaɗai ya sani, don haka ta rufe lambarsa a wayarta, ta ce ya riƙe gaisuwarsa. Ranar da zai tafi ya tare ta a gindin matakalar ofis ɗin nan, jakarsa a kafaɗa.

"Zan riƙa aiko miki da gaisuwa ta bakin Jerome duk Juma'a," ya ce mata. "In dai kina fushi, kar ki amsa. Ni fushin nan ya ishe ni, don ya nuna min ina nan a ranki. Ranar da ya sauka kin san lambata. Amma ranar da kika ce kina amsawa, kamar yadda ake amsa gaisuwar kowa da kowa, na san kin sallame ni. Ba zan sake damun ki ba."

Ba ta ce masa uffan ba, ta hau sama. Ba wanda ya san da maganar nan sai su biyu.

Daga nan duk Juma'a bayan an sauko, Jerome zai ɗago kai daga lemonsa ya ce, "Anti Afra, Abdulbaƙi yana gaishe ka." Ita kuma ta sha mur, ta ci gaba da danne-dannenta kamar da bango ake. Jerome ya girgiza kai. Abin da bai sani ba, da wannan 'yar jimlar take cin mako guda. Da ita take hawa keke ta koma Azuba tana murmushi ita kaɗai. Sau nawa ta buɗe wayarta za ta saki lambarsa, sai ta ce bari dai Juma'a mai zuwa, ya ƙara jin jiki kaɗan. Ko da labari ya iso mata cewa mahaifiyarsa ta matsa masa da zancen Khadijat, wata 'yar ƙanwarta a Adogi, ba ta damu ba, don a Juma'ar ma gaisuwa ta zo.

Sai a farkon daminar nan gaisuwar ta ɗauke cak.

Juma'a ta farko ta ce Jerome ne ya manta. Ta biyu ta ce wataƙila aiki ne ya yi wa Abdulbaƙi yawa. Daga nan ta daina yi wa kanta bayani, sai kewa. Kewarsa take yi, irin wadda ke sa mutum ya ɗora tukunya ya manta bai kunna wuta ba. Girman kai kuma ya hana ta tambaya. Sai ga shi ran Talata Baffa ya leƙo ya ce mata, Abdulbaƙi da ya yi shekara biyu yana cewa kar a taɓa masa rumbu, yanzu ya ce a fitar da shi, ba komai.

Ba komai. Kalmar nan take ta juyawa a ranta tun ran Talata.

Allon ya yi ƙyaf, sakamako ya fito. Ta share ido da bakin mayafi ta duba. Ja ne, amma ba a layin Abdulbaƙi ba.

"Jerome, zo ka ga rumbunka."

"Ya ci?"

"Ya faɗi."

Ya taso da rabin lemo a hannu, ya sunkuya yana ƙifta ido. "Wane gwaji ne wannan?"

"Na cire wuta. Na zuba masa saƙonni, kowanne ya ce min an ajiye. Na cire fulogi na mayar. Na ƙarshe-ƙarshen babu su."

"Ai kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin nan gonar wani ce."

"Anti Afra, ka gane mana." Ya jawo kujera ya zauna a kaikaice. "Idan na ce sai saƙo ya sauka a diski kafin na ba da amsa, abin zai yi nauyi. Layi zai taru. To sai na fara cewa an ajiye, mai aike ya tafi, ni kuma na rubuta a baya. Ƙiftawar ido ne fa tsakani."

"A cikin ƙiftawar idon aka ɗauke wuta bara."

Ya juya lemon a hannunsa.

"Ka san abin da ke faruwa idan ka ce an ajiye?" ta ce. "Mai aiken yana goge nasa. Ya yarda da kai. Ba zai sake aikowa ba, don ka ce masa ya isa. Kai ba ka da shi, shi ba shi da shi. Gara ka yi shiru ya yi ta sake aikowa har ya gaji, da ka ba shi amsar da ba ta tabbata ba."

"To mutum ya yi ta tsayuwa a rana yana jira?"

"Ya tsaya."

"Kai, kana da tsanani." Jerome ya yi dariya yana nuna ta da lemon. "Ba kowane ƙarya ne mugu ba, Anti. Wani taimako ne. Mutum yana jira, zuciyarsa yana ciwo, ka ce masa an gama, ya samu ya yi barci. Ko Abdulbaƙi ma da na..."

Ya haɗiye sauran.

Afra'u ta juyo da kujerarta a hankali har ta fuskance shi.

"Ko Abdulbaƙi ma da ka me?"

"Ba komai. Bari na je na duba kod ɗin nan."

"Zauna, Jerome."

Ya zauna. Ƙato guda mai 'ya'ya uku, sai ga shi ya yi tsuru-tsuru kamar ɗan firamare.

"Abeg, kar ka yi fushi."

"Ban yi ba tukuna. Me ka faɗa masa?"

Ya ajiye lemon a kan tebur, ya goge hannu a wando.

"Ka san duk Juma'a da yamma yana kira na. Ba ya tambayar aiki, ba ya tambayar yarana, sai ya ce, Jerome, me ya ce? Na ce bai ce komai ba. Sai ya ce alhamdulillah."

Afra'u ta matso da kujerarta.

"Alhamdulillah yake cewa?"

"Kowane mako. Irin yadda kuke yi idan abu ya yi muku zafi, ku ce alhamdulillah ku haɗiye. Ni na san ciwo ne. Shekara biyu, Anti Afra. Ni ne nake ɗaukar gaisuwa na kawo, ni ne nake ɗaukar shiru na mayar. Ka san nauyin shiru? Lokacin Ista da na je gida na ba mamana labari, sai ya yi min faɗa. Ya ce a wurinmu mutum ya gaishe ka shekara biyu ba ka amsa ba, sai an tara dattawa. Ya ce kai ma ɗan aiken banza ne, ba ka iya gyara magana a hanya?"

"Sai ka gyara."

"Sai na gyara." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ranar ruwan farko ne. Ya kira, muryarsa duk ya gaji. Ya ce me ya ce? Na ce, yau kam ya amsa. Ya ce a gaishe ka, yana amsawa."

Ƙarar babura da masu lodin doya a titi duk sai ta ji sun yi mata nisa. Ta dafa gefen tebur.

"Maimaita abin da ka ce masa."

"Na ce Afra'u ya ce yana amsawa."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya yi shiru. Har na ɗauka netwok ne, ina ta halo, halo. Can ya ce, ka tabbata da bakinsa ya faɗa? Na ce da bakinsa. Sai ya ce, to, na gode Jerome, Allah ya saka da alheri, ba sai ka sake kai masa ba." Jerome ya buɗe hannuwa. "Ni na yi murna. Na ce shi ke nan, sun shirya, yanzu suna waya da kansu, ba sa bukatar ɗan aike. Har na faɗa wa matata na haɗa aure."

Afra'u ta so ta yi masa ihu, ta so ta ɗauki lemon nan ta jefe shi da shi. Amma da ta dubi fuskarsa sai ta ga ba mugunta ko ɗigo a ciki. Tausayi ne ya sa shi, tausayin da ita ta kasa yi shekara biyu. Sai hawayen suka zubo kawai.

"Anti Afra? Me na yi?"

"Shirun nan shi ne amsata, Jerome."

"Ban gane ba."

"Mun yi da shi. In na yi shiru, ina nan. In na amsa, na sallame shi." Ta ja numfashi da ƙyar. "Alhamdulillah ɗin da kake ji, godiya yake yi ta gaske. Murna yake yi ban amsa ba."

Jerome ya dubi allon da ke nuna masa ja, ya dube ta, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu," ya ce a hankali. "To wane irin soyayya ne wannan, mutum ya yi shiru a ce yana so? Me ya sa ba wanda ya faɗa min? Ni fa nake ɗaukar kayan. Ka ba mutum kaya ba ka faɗa masa ƙwai ne a ciki ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Su biyu suka ƙulla abinsu suka ɗora wa bawan Allah a ka, shekara biyu yana safa da abin da bai san ma'anarsa ba. Ita da ta zauna ta rubuta wa rumbuna uku ƙa'ida ɗaya don kar wani ya fahimci "an ajiye" daban da yadda ɗan'uwansa ya fahimta, ita ce ba ta taɓa faɗa wa ɗan aikenta me shirunta ke nufi ba.

Ta jawo jakarta ta zaro waya. Don sauri har sai da ta kuskure lambar buɗewa. Ta shiga inda lambobin da ta rufe suke. Guda ɗaya ce tal a wurin.

"Me za ka yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun bara."

"Anti, tsaya." Jerome ya sosa ƙeya. "Ba sai ka kira ba."

"Saboda me?"

"Ya zo, yana garin nan."

Wayar ta kusa suɓuce mata.

"Tun farkon mako ya zo. Ya ce kar na faɗa maka, wai ba ya so ya dame ka. Mabuɗin kod ɗin rumbunsa yana hannunsa, ya ce zai kawo wa Oga Baffa da kansa bayan la'asar, a goge a gabansa. Ni na ɗauka wasa kuke yi, irin na masu shiri..."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta na kan agogo. An yi la'asar tun ɗazu, ita ce ma ba ta tashi ta yi ba.

Ta dubi kanta. Zanin da ta yi ta tsugunne da shi duk ƙura a gwiwa, ido ya yi ja, mayafi ya karkace. Shekara biyu tana tsara ranar nan a ranta, da kayan da za ta sa, da irin kallon da za ta yi masa, da maganar da za ta fara faɗa don ya san bai ci bulus ba. Ba ko ɗaya da ta tuna.

Don ta samu abin yi da hannunta, sai ta juya ga kwamfutar. Gwaji ɗaya ya rage a ranar, wanda take ta ɗagawa tun safe, na wa'adi a kan tsohon rumbu. Ta danna. Saƙon gwaji ya shiga, aka hana shi amsa kamar yadda ta tsara. Layi ya fito a allo: ba a amsa ba, ana sake aikawa. Ya ɗan jira. Ba a amsa ba, ana sake aikawa.

Matakalar ofis ɗin ta ƙarfe ce, kowa da irin ƙarar da yake yi a kanta. Baffa a hankali yake hawa yana nishi. Jerome da gudu. Wannan takun kuwa bibbiyu yake haɗawa, ya ɗan tsaya a kwana, ya ƙarasa. Ko a cikin barci aka tashe ta ta san shi.

"Assalamu alaikum."

Muryar ba ta canza ba. Afra'u ta ƙura wa allo ido.

"Wa alaikumus salam," Baffa ya amsa daga ofishinsa, ya fito yana gyara tabarau. "A'a, mutanen Legas. Shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo."

Ta gode wa Allah da Baffa ya amsa, ya ɗauke mata nauyin sallamar.

Ya shigo. Ta gefen ido ta gan shi. Ya rame, ya ajiye gemu, hular tana nan a ture baya yadda ya saba. Ya gaisa da Baffa hannu biyu. Ya dafa kafaɗar Jerome, Jerome kuwa ya kasa ɗago kai, ɓawon lemo kawai yake tattarawa kamar an sa shi. Sannan ya juyo wajen teburinta, ya tsaya nesa kaɗan, irin tsayuwar da ake yi wa matar mutane.

"Malama Afra'u, ina wuni."

Malama. Tun da suke bai taɓa kiranta haka ba. Ta ji kalmar har cikin ƙashinta.

Ta yi shiru.

"Ya aiki?" ya ƙara, a ladabce.

Shiru.

Baffa ya dube ta ta saman tabarau. "Afra'u, ana gaishe ki."

"Na ji, yallaɓai."

"To ki amsa mana."

"Ba zan amsa ba."

"Ikon Allah. Yau kuma me ya..."

Ta miƙe tsaye. Ta riƙe bayan kujera. Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko cikin shekara biyu, ba ta damu da hawayen ba, ba ta damu da Baffa ba.

"Ban amsa ba, Abdulbaƙi."

Ya ɗan yamutsa fuska. "Na'am?"

"Ban amsa ba. Ban taɓa amsawa ba, ko sau ɗaya. Ranar ruwan farko ma ban amsa ba. Duk Juma'a ina nan a kujerar nan ina jira, kai ne ka daina aikowa."

Ya juya a hankali ya dubi Jerome.

"Ka yafe ni, ɗan'uwa," in ji Jerome. "Ni na amsa. Tausayinka na ji. Bai ce komai ba, wallahi bai ce komai ba."

'Yar filashin da Abdulbaƙi ya zo da ita a hannu, mai ɗauke da mabuɗin rumbun, ta faɗi ƙasa ta gangara ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya sunkuya. A bayan Afra'u allon yana ta aikinsa, ba a amsa ba, ana sake aikawa.

Ta jira ya yi dariya. Ta jira ya ture hular nan ya ce alhamdulillah, yadda Jerome ya ce yana faɗa. Ta riga ta shirya, yana faɗa za ta ce masa fushin ya sauka, ya sauka tun tuni, ya turo kawunnan nasa ko gobe ne.

Bai yi dariya ba. Bango ya lalubo ya jingina, fuskarsa ta yi fari fat.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, can ƙasa.

"Mene ne?"

Ya kasa kallonta.

"Abdulbaƙi, mene ne?"

"Afra'u," ya ce, "a kan amsar nan jiya kawunnaina suka kai gaisuwa Adogi, gidan su Khadijat."